Makulli a Kwanon Gari

Shekarata saba'in da ɗaya, in an ƙirga da kyau,
babur ɗina kuwa ashirin da uku.
Mu biyu duk muna tari da asuba.
Shi sai an buga masa kik sau huɗu,
ni sai Balkisu ta kawo kunun tsamiya.

Ran da likita a Aliero ya ɗaure mini dantse,
ya matsa roba, ya dubi awo, ya girgiza kai,
'yata ba ta ce uffan ba.
Muna komawa gida makulli ya yi ƙafa.
"Baba, ka huta. Me ka rasa?"
Na duba: ga tuwo, ga sabuwar tabarma,
fansho na zuwa ko da jan ƙafa.
Na rasa sunan abin da na rasa.

Kwana ashirin da biyu ina zaure
ina ƙirga awakin maƙwabta.
Sawu ya kumbura, takalmi ya ƙi ni,
barci ya yi yaji ya tafi gidansu.
Na kama faɗa da jikoki a kan murfin buta,
na kira Nafi da sunan kakarta,
wadda ta shekara goma sha tara a bayana,
hannu ɗaya a kafaɗata, ɗaya danne da mayafi,
tana cewa, "Malam, sannu-sannu, ba mai korar mu."
Babur na jingine a gindin darbejiya,
kaji sun mai da shi wurin kwana.

Nafi ce ta tona.
Ta zo da hannu fari fat da garin dawa,
ta buɗe tafi: "Kada ka ce ni ce."

Ban sulale ba. Na kira uwarta muka zauna ciniki
kamar dillalan albasa.
Ta sa hular kwano a farashi,
ta hana ni titin tireloli, ta hana ni dare,
ta ce ƙwaya kafin kik.
Na ce Talata da Asabar nawa ne.
Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta sallama.

Wayyo, hanyar fadama!
Iska ta shiga ta hannun riga ta kumbura ni kamar mai kuɗi.
Ido ya koma aiki, yana karanta rami da yashi,
gwiwa ta tuna yadda ake rungumar tanki,
kunne ya ware kukan inji da na injin ban-ruwa.
Warin albasa ya sa ni hawaye, ko kuwa ba shi ba ne.
Yaran da na koya wa awon taki, yanzu da furfura,
suka miƙe daga kunya suna ɗaga fartanya:
"Malamin gona! Ashe kana nan?"
Ina nan.

Kusa da Jega na tsaya gidan Arzika,
wanda ɓarin jikinsa ya shanye tun bara.
Ya shafa tankin da hannun da ya rage masa,
bai iya roƙo ba, sai ido.
Ɗansa ya ɗora shi, ya ɗaure mu da rawani ciki da baya,
na sa giya ta ɗaya, jaki ma ya wuce mu.
Daga ƙofa zuwa tsamiya, daga tsamiya zuwa ƙofa.
Na ji dariyar rabin baki tana girgiza bayana,
yawu ya jiƙa mini riga, ban goge ba.

Daren nan labarun rediyo ba su ƙare a kunnena ba.

Na san akwai ranar da ƙafa za ta ƙi kik.
Ranar ba sai an ɓoye komai a gari ba,
ni da kaina zan miƙa.
Amma yau Asabar ce.
Nafi, kore mini kajin nan.